Birnin da Na Gina a Kan Tebur

Tun da jikata Nafisa ta nace sai na ba ku labarin sana'ata, ku da kuke karatun zanen gine-gine tare da ita, to ku gyara zama. Amma kada ku sa rai komai zai fito sarai, don akwai wuraren da ni kaina har yau ban gane ba. Sunana Hamisu, haifaffen Zariya. Aikin da na ci abinci da shi a Landan tun ina saurayi shi ne ƙera ƙananan gine-gine, abin da kuke ce wa model. Kafin a aza tubali ko ɗaya, mu muke fara gina wurin a kan tebur da katako da kwali, mai kuɗin ya zo ya gani da idonsa, ya ce a yi ko a fasa.

Ran nan Nafisa ta kai ni ɗakin aikinku ta nuna mini injin nan da ke tofo gini kamar ana matsa man goge baki. Ta ce, "Kaka, it's easy, press kawai za ka yi ka tafi shan shayi." Na ɗauki abin da ya fito na jujjuya. Ya yi kyau, ban raina ba. Sai dai inji abin da aka ba shi yake fitarwa. Wahalar wannan sana'a ba a yanka da liƙi take ba, tana daidai wurin da zane ya ƙare, aka bar ka da fili, aka ce ka cike.

Itatuwa su ne aikina na farko. A farkon shekarun saba'in na zo karatu, da hutu ya zo na shiga neman aikin wucin gadi, wani ɗan ajinmu ya kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a Marylebone, ƙasan shagon mai gyaran agogo. Maigidan wurin wani tsoho ne da yaƙi ya koro daga gabashin Turai, Mista Karel. Bai tambaye ni takardar komai ba. Ya miƙo mini waya siririya da soso da fenti kore, ya ce in yi masa itace. Na murɗa wayar ta zama gindi da rassa, na yayyaga soson na liƙa. Na yi guda ashirin ko fiye, na jera su ina jin daɗi. Ya zo ya duba, ya share su da hannu suka zube cikin kwandon shara. Ya ce, "Itatuwanka duk tagwaye ne. Fita waje ka nemo mini itace biyu masu kama ɗaya." Watanni na yi ina itatuwa kafin ya yarda na taɓa bango. Hutu ya ƙare, ni kuwa ban koma aji yadda ya kamata ba, har dai karatun ya bi ruwa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Wuƙar tiyata irin ta likitoci, wadda ake canza mata baki da zarar ta fara jan katako maimakon yanka shi. Rula ta ƙarfe, don ta katako wuƙa na cinye gefenta. Hantsaki, ƙaramin zarto, sanfefa mai laushi. Sai katakon balsa, mara nauyi kamar ɓargon kara, wanda in ka matsa da farce sai ya lotsa. Gam kuwa a tukunya ake narka shi a kan risho, warinsa na bin mutum har cikin tube, jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa. Ranar farko na tambayi Mista Karel da me ake yin sa, don ina tsoron kada ya zama na alade ina sallah da shi a hannu. Ya ce fatar shanu ce da ƙashi, ya ɗauko buhun ya nuna mini hoton saniya. Daga ranar kuma, in lokacin azahar ya yi, da kansa yake janye kwalaye daga bayan ƙofa ya bar mini wuri.

Akwai wani filin wasa da muka yi wa wata jiha ta can gida. Lokacin kuɗin mai ya fara zuba, kowace jiha tana son sakateriya da otal da filin ƙwallo, kuma kamfanonin zane na Landan ne ke cin kwangilar. Kwamishinan jihar ya zo da kansa da babbar riga, ya sunkuyo ya shigo ɗakinmu. Ya zagaya teburin, bai dubi rumfar 'yan kallo ba, bai dubi fitilu ba. Ya ce, "Ina motoci?" Aka kawo masa ƙananan motocin da muke da su. Ya ce a'a, baƙaƙen Marsandi yake so a ƙofar manyan baƙi. Da ya ji na gaishe shi da Hausa sai ya juyo.

"Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Zazzau ne, ranka ya daɗe."

"Yanzu duk karatun da aka turo ka, a wasan yara ka ƙare?"

Na ce, "Haka Allah ya so, ranka ya daɗe." Na zauna na sassaƙa masa Marsandi, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba. Filin dai ban taɓa jin an gina shi ba. Wannan ma ku sani: yawancin abin da za ku ƙera, a kan tebur zai rayu, a kan tebur zai mutu.

Muguwar shekara ta zo mana da hunturun da aka riƙa ba wuraren aiki wuta kwana uku kawai a mako. Ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa ya yi raɓa. Akwai wani babban asibiti da muka kusa gamawa, muka dawo bayan hutun ƙarshen mako muka tarar da balsa ya sha danshi, benayen sun bauɗe kamar busasshen kifi. Muka sake yi da yatsu a sandare, muna hura su da baki. Kafin mu gama, kamfanin da ya ba mu aikin ya rushe. Ma'aikatanmu suka watse ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga Mista Karel sai ni sai wata mata mai yi mana fenti rabin yini. Ni kuma izinin zamana ya kusa ƙarewa, kuma in na je ofishin shige da fice na Croydon dole in nuna cewa akwai aikin da nake yi. Mista Karel ya gaya mini gaskiya: in bazara ta shigo babu sabon aiki, zai rufe, ni kuma in fara haɗa akwati.

Ana cikin haka wani mai zane, Mista Pell, ya sauko matakalarmu da naɗaɗɗun takardu da gwangwanin biskit. Ya buɗe gwangwanin, sai ga ƙasa, ja-ja mai ɗan fari. Ya ce daga wata ƙasar Larabawa mai arzikin mai aka aiko ta. A can cikin hamada akwai tsohon birnin sarakunansu na farko, ginin ƙasa ne gaba ɗaya, an ci shi da yaƙi tun zamanin kakanni, aka bar shi kango. Yanzu jikokin sun yi kuɗi, suna so a tayar da shi. Suna son ganin yadda zai kasance in an gyara. Ba zan faɗi sunan garin ba, Nafisa ta sani, ya isa.

Abin da aka ba mu shi ne hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, da awon fada da masallaci da ganuwa. Mista Karel ya fara yanka bangaye da rula kamar yadda ya saba, suka fito a miƙe kamar barikin soja. Ya tsaya yana kallo, ya san akwai abin da bai yi ba, amma bai san mene ne ba. Na ce masa a gidan ƙasa na tashi, bangon ƙasa yana da kauri a gindi, yana sirancewa a sama, kuma babu kusurwa mai kaifi, don hannu ne ya shafe shi, ruwan sama kuma ya lashe. Ya ture mini wuƙar ya ce in nuna. Muka bar balsa, muka koma filasta da muke kwaɓawa da garin katako, ina shafawa da ɗan yatsa da bayan cokalin shayi. Launi ya ba mu wuya fiye da komai. Ƙasar gwangwanin in ta jiƙe launinta daban, in ta bushe daban, a ƙarƙashin fitilar ɗakinmu kuma daban. Sai da na riƙa hawa titi da ɗan gutsure a tafin hannu ina jiran rana ta leƙo.

Unguwar arewa ce ta tsayar da mu. A hotunan babu komai a wurin sai tudun ƙasa da ramuka, ba a ma auna ta ba. Mista Pell ya ce ba za a kai wa masu kuɗi birni da ɓaraka a gefe ba. Ya ce in cike da abin da ya dace da sauran, amma in yi masa fenti mai haske, don kowa ya san wannan ɓangaren zato ne, ba awo ba. Na tambaye shi me ya dace. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kai ne ka tashi a irinsa."

To ni abin da na sani na yi. Na yi lungu mai lanƙwasa sau biyu kamar wanda ke zuwa gidan kakata a cikin birnin Zariya. Na yi zaure mai ƙofa ƙarama, na yi dakali a gefensa, na yi ɗan fili da rijiya a hannun dama. Zanko ne kawai ban sa ba, don na ga babu shi a hotunan fadarsu. Na shafe unguwar duka da fenti mai haske kamar yadda aka ce.

Ranar nunawa, a wani babban flat na saman bene kusa da asibitocin kuɗi na Marylebone aka yi. Sai da muka raba teburin gida huɗu kafin ya shiga lif. Wanda ya zo karɓa wani babban jami'i ne, matashi mai Turanci kamar ɗan nan. Ya zo da baffansa, tsoho tukuf da aka kawo aikin ido, ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan ma ba ya gani sosai. Mista Pell yana ta bayani da sanda, tsohon kuwa sai ya miƙa hannu ya fara lalube. Mista Karel ya ɗauke numfashi, don ba a taɓa model. Ba wanda ya isa ya hana. Yatsun suka bi ganuwa, suka wuce fada ba su tsaya ba, suka wuce masallaci, suka gangaro unguwar arewa, suka shiga lunguna, suka bi lanƙwasa ta farko, suka bi ta biyu, suka tsaya a ƙofar zauren. Sai tsohon ya fara magana da sauri. Larabcina na makarantar zaure ne, amma na tsinci kalma biyu: uwa, da rijiya.

Jami'in ya ce, "Baffana ya ce wannan gidan dangin mahaifiyarsa ne. Ya ce a kan dakalin nan yake zama yana yaro. Sai dai kun yi kuskure, rijiyar a hagu take."

Na dubi Mista Pell, ya dubi silin. Jami'in ya tambaya me ya sa wannan gefen ya fi haske. Mista Pell ya fara bayanin zato da awo, mutumin ya katse shi, ya ce baffansa ya shaida wurin, wane awo ya fi wannan? A mayar da rijiya hagu, a yi wa birnin launi ɗaya. Nan take, a gabansu, na ɓamɓare rijiyar da wuƙa na liƙa ta a hagu, tsohon ya sake lalubawa ya gyaɗa kai.

A hanyar komawa na tambayi Mista Pell ko da gaske mutane sun zauna a wurin a zamanin tsohon. Ya ce a littattafan da ya karanta, birnin ya zama kango tun kafin a haifi kakan tsohon. Sai kuma ya ce amma an ce wasu talakawa sun koma sun rakuɓe a cikin kangon daga baya, bai sani ba. Na tambayi Mista Karel. Ya ce, "Mai aiki ya gamsu. Gobe ka haɗa fenti." Na haɗa, na shafe. Aka rufe birnin a akwatuna aka kai filin jirgi. Wannan aikin ya jawo mana wasu daga ƙasar, shago bai rufe ba, na je Croydon aka buga mini hatimi. Birnin kuwa shiru. Mista Karel ya rasu, na gaji shagon, na mayar da shi kusa da Old Kent Road inda haya ta fi sauƙi, har idona ya gaza na ajiye wuƙa, ban ji an taɓa kangon nan ba.

Sai bara, da 'yata Bilki, uwar Nafisa, ta ce za ta kai ni Umara. Nafisa ta shigo da wayarta tana tsalle. Ashe an gyara birnin, an buɗe wa masu yawon buɗe ido. Ta ce ta riga ta gaya wa malaminta cewa kakanta ne ya fara ƙera shi, kuma a kansa za ta rubuta aikinta na ƙarshen shekara. Ta ce, "Na yi booking, Kaka. Za ka nuna mini lungunka, in ɗauki hoto." Na ce mata to, don a raina na san garin nan fiye da yadda na san unguwarmu ta Peckham.

Bayan mun gama ibada muka hau jirgi zuwa can, muka isa wurin da la'asar. Abin da na fara gani filin ajiye motoci ne, hawa-hawa a ƙarƙashin ƙasa. Aka duba tikiti a wayar Nafisa, aka sa mu a wata 'yar motar batir mara ƙofa, ta bi da mu ta tsakanin dabinai da aka jera kamar sojoji. Kiɗa na tashi a hankali, na nemi makaɗan ban gani ba, ashe lasifika ce aka ɓoye a gindin kowane dabino. Muka sauka a wani dandali cike da gidajen abinci, har da wani mai sunan da na sani a Landan. Na tambayi Bilki yaushe za mu isa birnin. Ta ce, "Baba, ai muna ciki."

Nan na fara rikicewa. Ni daga sama na san garin nan. Watanni na yi ina tsaye a kansa kamar shirwa, fada a ƙarƙashin haɓata, masallaci daidai gwiwar hannuna. Yanzu ga ni a ƙasa, bango ya fi ni tsawo, ban san gabas ba ban san yamma ba. Na ce mu bi nan, fada tana dama. Muka ɓulla kantin turare. Na ce to mu koma, ganuwa tana bayanmu. Muka ɓulla bayan gida na mata. Nafisa ta buɗe taswira a waya, ta juya ta sama ta juya ta ƙasa. Ta ce, "Kaka, are you sure nan ne?" Na ce ban sani ba.

A zauren karɓar baƙi akwai model babba a cikin gilashi, da fitilu masu kunna kansu. Na matsa da sauri. Ba nawa ba ne, na roba ne, irin na injinku, dabinansa duk tagwaye. Amma da na sunkuya a kansa sai kaina ya dawo daidai, ga fada, ga masallaci. Na dubi arewa. Akwai lungu, yana da lanƙwasa biyu. Sai dai ya fi nawa faɗi, kuma rijiyar a dama take, inda na fara sa ta kafin tsohon ya sa a canza. Wanda aka kai musu a akwati kuwa a hagu take, da hannuna na mayar. To daga ina suka samo dama? Na tambayi yarinyar da ke tsaron wurin da wane zane aka yi aiki. Ta yi murmushi ta ce duk abin da ke nan asali ne, daga tsofaffin bayanai aka ɗauko. Na ce waɗanne? Ta miƙo mini takardar rangwamen kantin kofi.

Da taimakon wani mai gadi muka sami lungun. An shimfiɗa masa duwatsu masu santsi, an rataya fitilu. Na bi lanƙwasa ta farko, na bi ta biyu, sai ga zaure, ga dakali. A cikin zauren ana sayar da askirim mai ɗanɗanon dabino, yara sun yi layi. Wani saurayi mai ja-gora yana gaya wa ayarin Turawa cewa a kan wannan dakali dattawan unguwa suke yanke shari'a shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Nafisa ta riƙe hannuna ta ce, "Shi ne? Is this yours?" Na dubi ƙofar. Tawa ƙarama ce, wannan keken guragu zai shige. Dakalina a gefe ɗaya yake, wannan ya zagaye kusurwa. Ya yi kama, kuma bai yi kama ba.

Ina tsaye haka sai na ji wata murya daga bayan bango ta ce, "Kai, kawo ruwan nan mana!" Da Hausa. Na zagaya. Bayan zauren an kange da allo, wasu ma'aikata biyu suna yaɓe. Inda yaɓen ya ɓamɓare, bulon siminti ne a ciki, ƙasar fata ce kawai aka lulluɓa masa. Na yi sallama. Ɗaya daga cikinsu ya juyo da mamaki, ya goge hannu a wando. Sunansa Mamman, mutumin Tawa ne a Nijar, ya daɗe a wurin tun ana tsakiyar aiki.

Bayan mun gaisa na ce, "Ɗana, dakalin nan na gaba, tsoho ne?"

Ya yi dariya. "Wane tsoho, Baba Alhaji? Da munka zo babu shi. Mu munka yi shi da ragowar ƙasa, mu samu wurin zama in rana ta yi zafi. Injiniya ya gani ya ce ya yi kyau, a bar shi."

"Ba a zane kuka gani ba?"

"Wallahi ni ban ga zane ba. Zaure ai da dakali yake."

Abokin aikinsa, wanda ya fi shi shekaru, ya sa baki ya ce ba haka ba ne, shi ya ga gindin wani tsohon abu a wurin kafin a zuba siminti, a kansa suka ɗora. Mamman ya ce wannan tarin shara ne. Suka shiga musu, ni ina tsakiya. Na tambayi rijiya. Mamman ya ce ta ado ce, ƙwan lantarki ne a ciki. Ya ce ya dai ji an ce da ana haƙa ramin bututu an ci karo da wata ta gaske, aka rufe, amma ko hagu ko dama, shi bai sani ba, kafin zuwansa ne.

Nafisa tana jin Hausa ko da ba ta mayarwa sai gauraye da Turanci, ta ji duka. Ta ce, "So what do I write, Kaka?" Na ce ta rubuta abin da ta ji: wani tsoho ya ce ya zauna a kai yana yaro, kakanta ya ce daga Zariya ya ɗauko, Mamman ya ce shi ya yi don ya huta, mai ja-gora ya ce na alƙalai ne. Ta ce malaminta ba zai karɓi wannan ba, yana son amsa. Na ce ni ma ina so.

Mamman ya ga ina ta kallon kwaɓin da ke cikin baho. Na gaya masa na taɓa gina garin nan duka, amma ban taɓa taɓa ƙasarsa ba sai cikin gwangwanin biskit. Bai gane ba, amma ya ce, "Bismilla, Baba." Akwai wani wuri a gefen zauren, ta wajen lungu, da ya tsage yana jiran yaɓe. Na naɗe hannun jallabiyata, na cire agogo na ba Bilki, na dumbuzo ƙasa. Tana da sanyi, tana da ƙaiƙayi a ciki, ta fi tamu yashi. Na mara ta a bangon na fara shafawa da tafin hannu, daga ƙasa zuwa sama. Hannun bai manta ba, sai dai ya saba da cokalin shayi, yanzu ga bango ya fi ƙarfin hannu biyu.

Ban ankara ba ashe ayarin Turawan nan sun zagayo. Ga ni da farar jallabiya, kai a aske ƙwal saboda Umara, gemu fari, hannu dumu-dumu da laka. Na ji mai ja-gora ya rage murya yana cewa sun yi sa'a, ga ɗaya daga cikin maginan gargajiya na ƙarshe, waɗanda suka gaji aikin kaka da kakanni a wannan birni. Wayoyi suka tashi sama. Nafisa ta buɗe baki za ta yi magana, Bilki ta riƙe ta tana danne dariya. Wata dattijuwa mai jar hula ta matso kusa, tana yi mini magana a hankali da alamun hannu, irin yadda ake yi wa wanda ba ya jin yare, tana tambaya ko za ta iya tsayawa a gefena a ɗauke mu. Ta juya za ta jingina da bangon da na gama shafawa.

Na ce mata da Turancin 'yan Landan, "Mind the wall, love, it's still wet."

Wayoyi suka sauko ƙasa. Mai ja-gora ya dube ni, na dube shi. Matar ta janye kafaɗarta a hankali, ta ce ita daga Bromley ta kudancin Landan take. Na ce ai maƙwabta ne mu. Aka ɗauki hoton duk da haka, ni kuma na juya na ƙarasa yaɓena, don Mamman ya ce in aka bar shi rabi zai tsage.